Ci Gaban da Kura Ta Kawo

Ga ta nan, ga ta nanku, da ɗuminta!

Ta zo mu ji ta.

Kura ta daɗe tana mulkin garin awaki kafin ta koma daji. Ran nan tsohuwar Akuya mai ƙafa uku ta jiyo Bunsuru, sarkin cika baki, yana koya wa 'yan awaki: "Ku ce Kura ta kawo mana ci gaba."

Akuya ta ɗingiso ta ce: "Gaskiyarka, Malam, gaba kam ta ci. Ga dungun ƙafata ta gaba."

'Yan awaki suka ce: "Iya, rijiyar da ta bar mana fa?"

"Ku sha, 'ya'yana, amma kofatanmu suka haƙa ta. Ita nata aikin laɓewa jiran mai ƙishirwa."

Ƙurunƙus kan kusu, wanda ya ji ya faɗa wa na baya.