Zakaran da Arzika Bai Kai Ba

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani ƙauye da ba sai na kama sunansa ba. Ana ce masa Arzika. Kakata ce ta ba ni labarinsa tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida, ita kuwa ta gan shi da idonta tun tana yarinya.

A wancan zamani, 'yan'uwa, majami'ar ƙauyen ɗaki ne na laka mai rufin ciyawa. Babu benci, a kan kututturan giginya ake zama. Ƙararrawa kuwa tsohuwar garma ce aka rataye a reshen kanya, ana buga ta da dutse. In mata suka ɗauki waƙa da tulu da caki, har masu kiwo a bayan gari sukan tsaya su saurara. Kakata takan ce tun daga nan ba ta ƙara jin waƙa mai daɗin wannan ba. Amma ku saurara, ko a wannan zamanin da muke begensa, ba kowa ne ya shigo da dukan zuciyarsa ba.

Mutanen ƙauyen suna da wata al'ada. In ruwan fari ya sauka, kafin kowa ya sa iri a ƙasa, kowane magidanci yakan kai jan zakara gindin wata tsamiya a bakin gonaki, a yanka wa iskar da suke kira Uwar Gona don a sami damina mai kyau. Mai yankan kuwa Barmo ne, yayan Arzika, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ne kuma babban gandunsu. Tare suke noma gonar gado, hatsi ya shiga rumbu ɗaya, Barmo ya buɗe ya auna wa kowane ɗaki. Kada ku ɗauka mugu ne. Mutum ne mai barkwanci da riƙon zumunci, abin da ya tarar iyaye suna yi shi yake yi.

Shekarar da aka yi wa Arzika da matarsa Tabita baftisma, ruwa ya sauka, Barmo ya leƙo ta kan danga.

Ya ce, "Ƙane, ina zakaranka?"

Arzika ya ce, "Yaya, bana ba zan kawo ba."

"Kajin sun mutu ne? In babu, in ara maka."

"Suna nan. Na ba Yesu kaina gaba ɗaya, ban rage abin da zan kai tsamiya ba."

Barmo ya yi dariya ya ce, "Kanka ka ba shi, ni kuma ban ce ka kawo kanka ba. Zakara na ce." Da ya ga ƙanen bai yi dariya ba, sai ya gyara tsayuwa. "Ka san doka. Wanda bai kai zakara ba, ba ya sa hannu a gonar gandu, kada ya jawo mana fari. Wanda bai noma gandu ba kuwa, ba ya cin rumbun gandu. Ba ni na kafa ta ba."

"Na sani, Yaya."

"Gayaunarka fako ce. Ko akuya ba ta tsayawa a can."

"Na sani, Yaya."

Gayauna, ga yaranmu na birni, ita ce 'yar gonar da mutum yake nomawa don kansa bayan ya tashi daga gandu. Ta Arzika tsakuwa ce zalla. Ga mata, ga yara ƙanana.

Da la'asar sai ga Dattijo Zakka ya yi sallama. Shi ne mai karanta Maganar Allah ranar Lahadi, ya kuma fi kowa murya wajen waƙa. Ya zauna a kan turmi ya rage murya.

Ya ce, "Ɗan'uwa Arzika, ba a bin Ubangiji da garaje. Wa ya ce sai ka je tsamiya? Ka ga ramin nan a gindin danga? Ka watsa tsaba ta can, zakara ya bi ya shiga gidan yayanka. Kai ba ka kai ba, ba ka yanka ba. Zakara ne ya yi yawo."

Arzika ya ce, "Baba Zakka, haka ake yi?"

"Haka kowa yake yi. Ai Allah zuciya yake dubawa."

Arzika ya ce, "To, ita zuciyar ce nake tsoron ya duba."

Bayan Zakka ya tafi, Tabita ta fito daga madafa. Ta ji kome. Ta ce, "Maigida, ni ban ce ka kai ba. Tambaya kawai nake yi, me za mu ci?"

Ya ce, "Ban sani ba, Tabita."

Washegari ta kamo jan zakaran da kanta, ta miƙa masa da wuƙa. Ta ce, "Yanka mana, yara su sha romo. Gara ya shiga tukunya yau, kada wata rana yunwa ta koya masa hanyar danga."

To, na san abin da kuke jira. Kuna jira in ce fakon nan ya yi dawa har ta fi ta gandu, kowa ya zo yana mamaki. A'a, 'yan'uwa. Ba haka aka yi ba. Gandu ya yi albarka a shekarar, fako kuwa ya ba da abin da fako yake bayarwa. Gidan Arzika suka ci tafasa da rama, suka sha kunun dusa. Ya yi ƙodago a gonakin mutane, Tabita ta sayar da itace. Samari sukan tsokane shi a hanya su ce, "Baba Arzika, yau me Yesu ya auna maka?" Yakan yi murmushi ya ce, "Ƙarfin zuwa gona." Ranar Lahadi kuma ya zauna a kututture ɗaya da waɗanda zakarunsu suka yi yawo, su da ƙiba, shi da ƙashin wuya a fili, ana waƙa ɗaya. Bai taɓa nuna kowa da yatsa ba.

Haka damina ta bi damina. Yana ɗaukar taki a kwando a ka yana zuba wa fakon, har ya ɗan yi laushi, ba dai sosai ba. Amma ku lura da wannan. Kowace safiya sai ya shiga gidan Barmo ya durƙusa ya gaishe shi. In rufin ɗakin Barmo ya yi yoyo, Arzika ne farkon hawa. Bai kai zakara ba, bai kuma yanke zumunci ba.

Ana nan, tsufa ya kama Barmo, ciwo ya kwantar da shi. Dattawan ikilisiya suka ce bari su je su yi masa addu'a, ko Allah ya sa ya ba da gaskiya. Zakka ne a gaba, da littafi a hammata. Barmo yana kwance a kan tabarma a inuwar rumbu. Ya ɗaga kai ya dube su ɗaya-ɗaya.

Ya ce, "Zakka, kai ne? Zauna. Zakaranka na bana ya fi na bara ƙiba."

Dattawan suka sunkuyar da kai.

Barmo ya ce, "Kada ku ji kunya, ban faɗa wa kowa ba. Duk zakaran da ya yi yawo ta danga na san gidansu, ai ni nake yankawa. Kuna ta waƙa cewa Allahnku ya isa, amma kowace damina kuna aiko mini da shaidar cewa bai isa ba. To, me zan je in yi a wurinsa? Ku kira mini ƙanena."

Aka kira Arzika daga gona. Ya zo da ƙasa a ƙafafunsa, ya durƙusa.

Barmo ya ce, "Ƙane, na rufe maka rumbu ina jiran ka dawo. Kowace shekara ina cewa bana yunwa za ta kawo shi. Ba ka zo da zakara ba, ba ka kuma fasa zuwa gaishe ni ba. Wannan da ka yarda ka yi yunwa saboda shi, zauna ka faɗa mini ko wane ne."

Arzika bai iya karatu ba, ba shi kuma da baki. Ya faɗi abin da ya sani, yana yi yana tsayawa, har rana ta yi sanyi. Kakata ta ce Barmo ya ba da gaskiya, ya kuma rayu har kaka. Da bakinsa ya sa aka buɗe rumbun gandu aka auna wa Tabita kafin kowa. Ta ce kuma a makon nan an ga Dattijo Zakka durƙushe a gindin dangarsa, yana toshe rami da ƙaya, idanunsa jajir.

'Yan'uwa, ga abin da labarin yake koya mana. Bangaskiya rabi da rabi ba ta ceton mai ita, tana kuma tare wa wasu hanya. Maganar Allah ta gargaɗe mu a kan zama tsaka-tsaki, mu ba zafi ba, mu ba sanyi ba. Yau majami'unmu na siminti ne, muna da kujeru da lasifika, amma yawancinmu muna da rami a gindin danga. Wata tana waƙa a Zumuntar Mata, da laya a ƙarƙashin matashi, wai ko da za a yi. Wani yana koyar da yara ranar Lahadi, ranar Litinin ya sa hannu a kan ƙarya a ofis, ya ce haka kowa yake yi. Muna cewa ba mu kai ba, ba mu yanka ba, zakara ne ya yi yawo.

Amma akwai Barmo a bayan dangar kowannenmu. Maƙwabci ne, ko abokin aiki, ko ɗan da muka haifa. Yana gani, ya yi shiru, yana auna Allahnmu da abin da muke aikawa ta ramin nan. Ranar da zai nemi wanda zai faɗa masa gaskiya, wa zai kira?

Ban yi muku alkawari fako zai zama fadama ba. Arzika ya sha kunun dusa, ya kuma daɗe yana sha. Amma kowa ya koma gida yau ya duba dangarsa. In akwai rami, a toshe. In akwai zakara, a sa shi a tukunya. Ubangiji ya ba mu zuciya ɗaya, mu bi shi da ita duka. Amin.