Mai Injin Niƙa da Katangar Maƙwabciyarsa

A wani gari an yi wani mutum mai injin niƙa. Rumfarsa tana bakin hanyar rijiya, kowace safiya mata sukan jera kwanukan masara da dawa a ƙofarsa. Da wannan inji yake ciyar da iyalinsa.

Sai zamani ya juya. Man inji ya yi tsada, farashin safe daban, na yamma daban. Tela ya rufe shago, mai shayi ya koma gona. Mai niƙa ya ƙara kuɗin niƙa, gama ba shi da yadda zai yi. Kwanukan ƙofarsa suka yi ta raguwa, har yakan wuni bai tada inji ba.

Yana zaman jiran masu niƙa sai ya lura da wani abu. Matan da suka saba zuwa wurinsa sun daina bi ta gaban rumfar. Sukan zagaya ta baya da kwanuka a rufe da zane, su shige gidan maƙwabciyarsa, wata tsohuwa gwauruwa. In sun hange shi sai su sunkuyar da kai.

Ya ce wa matarsa, "Kin ga abin da nake gani? Ɗan tsohuwar nan da ke birni ya kawo mata inji, sun ɓoye shi bayan katanga."

Matarsa ta ce, "Maigida, inji yana ɓuya? Ka taɓa jin ƙararsa?"

Ya ce, "Na zamani ne, ba ya ƙara. Ke ba ki san mutane ba."

Ta ce, "To, ka shiga ka gaishe ta mana, ka gani da idonka."

Ya ce ƙafarsa ba za ta taka gidan maciya amana ba. Tun daga nan ya daina gaida tsohuwar. A majami'a ya sake wurin zama. Wanda ya yi masa murmushi, ya ce dariya yake masa. Wanda ya tambaye shi yaya aiki, ya ce leƙen asiri aka aiko shi.

Ran nan tsohuwar ta zo rumfarsa tana dogara sanda. Ta ce, "Ɗana, matan unguwa ne suka aiko ni. In ka yarda, za mu riƙa tara hatsinmu duka ranar kasuwa, ka tada inji sau ɗaya ka niƙe mana gaba ɗaya. Mai ba zai ƙone a banza ba, kai kuma ka sassauta mana."

Mutumin ya ce a ransa, "Tarko ne. So suke in karya farashi in durƙushe, nasu ya tsaya shi kaɗai." Sai ya ce, "Mama, ku je ku niƙa inda kuka saba."

Ta ce, "Ina ke nan, ɗana?"

Ya juya mata baya.

Da matan suka ji amsarsa, suka ɗauki hayar amalanke, suka kai shawarar ga mai inji na ƙauyen gaba. Shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu. Injin mutumin nan ya zauna har ya yi tsatsa, kafin kaka ya sayar da shi a wulakance.

Ranar da aka ɗauke shi, ya ce, "Bari dai in ga abin da ya kashe mini sana'a." Ya shiga gidan tsohuwar ko sallama babu. Bayan katanga ya tarar da wata mace a durƙushe tana niƙa ɗan abin tuwon dare a kan dutse, tafin hannunta duk ya yi kanta.

Ya ce, "Ina injin?"

Tsohuwar ta nuna dutsen niƙan, ta ce, "Ga shi nan, a wurin kakata na gaje shi. Matan nan ba su da abin biyanka ne, ɗana. Kunyarka ta sa suke zagayawa."

Mutumin ya juya ya fita, kansa a sunkuye.

Ga ma'anar misalin, 'yan'uwa. Injin shi ne sana'ar da Allah ya danƙa wa kowannenmu, ko suyar ƙosai ce, ko faci, ko ɗinki. Katangar ita ce mugun zato, wanda yake hana mutum ganin wahalar ɗan'uwansa. Tsohuwar kuwa ita ce taimakon da Ubangiji yakan aiko, sau da yawa ta bakin wanda muka riga muka yanke wa hukunci. Tsada ta girgiza mutumin nan, gaskiya ne, amma tsadar nan ta sami mai injin ƙauyen gaba ma, ga shi bai rufe ba.

Na sani a cikinmu yau akwai masu zama nesa da juna saboda kasuwa. Wani ya daina saye a wurinka, ka ce ya ƙi ka ne. Kada Lahadi mai zuwa ta same ka ba ka je gidansa ba. Wataƙila tun jiya ba a ɗora tukunya a can ba.