Dudu da Motar Gwanjon 'Yan Sanda

Ku ajiye wayoyin nan ku saurare ni, 'ya'yana.

Dudu mai awara ta je gwanjon 'yan sanda, ta sayi wata tsohuwar mota don ɗanta ya riƙa haya. Ashe Sufeto Bawale ya riga ya ƙyalla ido a kan motar, yana so Dudu ta gaji ta bar masa.

Ya ce, "Iya, ki fitar mana da ita yanzu. Amma takardunta sai wani satin, kuma duk wanda ya hau titi da mota ba takarda, kama shi nake yi."

Dudu ta gyara mayafi ta ce, "Ranka ya daɗe, ni jahila ce. Idan wani ya aiki wani ya karya doka, wa kuke kamawa?"

"Duka biyun, mai aiken ma shi ne gaba."

"To jama'a ku shaida, wa ya aike ni titi ba takarda? Yallaɓai, shiga gaba, ina biye."

Masu gwanjo suka tuntsire da dariya. Dole Sufeto ya tuƙa motar da kansa har ƙofar gidanta. Da ya sauka ya ce, "Iya, ɗanki ya mayar da ni ofis mana."

"Ba takarda? Haba yallaɓai, ina tsoron hukuma!"

Da ƙafa ya koma.

Gwaggonku ta ce ko ruwa ai a ba shi, ni na ce dokarsa ya sha. Ku raba mana gardamar nan.