Makin da Ya Tsaya a Ashirin da Uku

Akwai wani maigida, sunansa Istifanus, wanda ya sayi na'urar wasan tseren mota, irin mai sitiyari da totur da birki da ake jonawa da talabijin. Ya kafa ta a zaurensa. Kowace Asabar da yamma maza shida na unguwa sukan taru, magidanta da gemunsu, su yi ta tsere a kan allo har su manta da ruwan sha. Suka shirya gasa ta Asabar goma sha biyu: na ɗaya maki goma, na biyu shida, na uku huɗu.

Istifanus kuwa mutum ne mai son tsari, har abin ya so ya yi yawa. Ya buɗe jadawali a kwamfutarsa, kowa da layinsa, kowace Asabar da gurbinta. A ƙarshen kowane layi ya yi gurbin jimla, ya sa masa ƙa'idar lissafi, yadda da zarar an shigar da sabon maki jimlar za ta haɗa kanta.

Cikin masu tseren akwai Habila, ƙanin matarsa, bakanike mai garaje. A Asabar ta biyar, a kwanar ƙarshe, Habila ya bangaji motar Istifanus ta baya, ta faɗa daji, shi kuma ya wuce abinsa. Ran maigida ya ɓaci ƙwarai. Aka yarda a cire wa Habila maki biyar. To, maimakon ya cire a gurbin wannan rana, sai fushi ya ɗebe shi, ya tafi gurbin jimla, ya goge ashirin da takwas, ya buga ashirin da uku da hannunsa. Bai san cewa da yin haka ya share ƙa'idar lissafin gaba ɗaya ba.

Kashegari bayan an tashi sujada, Habila ya same shi. "Yaya, na yi kuskure, ka yafe mini."

"Ya wuce," in ji Istifanus. Har da dafa masa kafaɗa.

Daga nan Habila ya gyara tuƙinsa. Ya zo na ɗaya, ya sake zuwa na ɗaya, ya zo na biyu, ya kuma zo na ɗaya, bai taɓa motar kowa ba. Istifanus yana shigar da makin kowace rana daidai, bai rage ko ɗaya ba. Amma in aka karanta jimla, Habila ashirin da uku, yana can ƙasa.

"Yaya, ka dai duba layina."

"Kai, ka ishe ni da ƙorafi. Kwamfuta ce za ta yi maka ƙarya? Mutum ya yi ta bangazar mutane, sannan yana neman ya ga sunansa a sama."

Sau uku Habila ya roƙa, sau uku aka kore shi da wannan magana. Kuma abin haushi, dubawar nan ba ta fi a taɓa gurbi guda da yatsa ba. Amma Istifanus ya riga ya san wane ne Habila a zuciyarsa, lambar kuma ta yi daidai da abin da ya sani, to me zai duba? Bayan Asabar ta tara Habila ya daina zuwa wasa. Ya daina zuwa gidan ma.

Da aka gama gasa, matar Istifanus, Rifkatu, wadda malamar makaranta ce ta saba da jadawalin jarrabawa, ta leƙa allon. Ta taɓa gurbin ƙaninta, ta yi tsaki.

"Maigida, wannan gurbin ai ba ya lissafi. Lamba ce kawai wani ya rubuta ya bari."

Ta mayar da ƙa'idar, ta cire biyar ɗin nan a gurbin Asabar ta biyar, nan take hamsin da tara ta fito. Ashe ranar da Habila ya daina zuwa, shi ne gaba da kowa.

Istifanus ya tafi garejin Habila da kunya, ya tarar da shi a ƙarƙashin mota. Habila ya fito, ya saurare shi har ƙarshe yana goge hannu da tsumma, ya ce, "Yaya, ba makin ne ya dame ni ba. Ka ce ya wuce, ni kuma na yarda da kai."

Ma'anar wannan misali ita ce, jadawalin nan zuciyarka ce, layukan kuma mutanen da Allah ya haɗa ka da su. Wani ya yi maka laifi sau ɗaya, cikin fushi ka rubuta masa lamba: maƙaryaci, mashayi, marar kunya. Ya tuba, ka ce ka yafe, amma lambar tana nan. Ya yi alheri shekara biyar a gaban idonka, kana gani, jimlarsa ko motsi. Ni wannan hali ya gajiyar da ni a cikinmu, 'yan'uwa. Muna rera waƙar gafara ran Lahadi, ran Litinin mu ce, "Ai na san halinsa." Da Ubangiji ya tsayar da lissafinka a ranar da ka fi lalacewa, da yau kana ina?

Kowannenku yana da mutum guda da ya faɗo masa a rai yanzu. Je ka duba layinsa tun yana roƙonka ka duba. Ranar da ka ji ya daina ƙorafi, kada ka ɗauka an shirya ne, tafiya ya yi.