Shugaban da Ya Ɓoye Ciwon Haƙorinsa

Akwai wani mutum a zamanin dā wanda ya fitar da ƙasarsa daga yaƙi, mutane suka naɗa shi shugabansu. Tun yana saurayi yake fama da ciwon haƙori. Haƙoransa suka yi ta zubewa, har ya sa aka sassaƙa masa waɗansu na ƙashi a asirce. Su ma suna gurje masa dasashi. Ban da matarsa, ba wanda ya sani, gama ya ce a ransa, "In suka ga bakina, za su rena ni."

Saboda haka ba ya dariya, ba ya yawan magana. Dattawan ƙasar kuwa suka koyi duban fuskarsa domin su san nufinsa.

Wata rana abokinsa na yaƙi, wanda ya koma noman rake a fadama, ya kawo masa dami guda. Ya fere sanda ɗaya da hannunsa, ya miƙa masa, ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗanɗana na gonata."

Shugaban ya kai bakinsa, zafi ya soke shi har cikin kunne. Ya yar da raken, ya juya baya, ya shige gida.

Dattawa suka rikice. Wani ya ce guba ce. Wani ya ce manomin ya ci amana tun lokacin yaƙi. Manomin ya bi su ɗaya ɗaya yana tambaya, "Me na yi?" Amma su ma ba su sani ba. Aka daina gaishe shi, aka daina shan rakensa. Da ya gaji, ya kwashi iyalinsa ya bar ƙasar, yana ta neman laifinsa a zuciyarsa.

Bayan kaka shugaban ya ce, "Ina abokina? Ya daɗe bai zo ba."

Dattawa suka ce, "Ya tafi, yadda ka so."

"Yaushe na faɗi haka?"

"Fuskarka ce ta faɗa, ranka ya daɗe."

Sai shugaban ya sa yatsa a baki, ya ciro haƙoran ƙashin, ya ajiye a kan tabarma a gabansu. Suka dube su, suka dube shi. Ya aiki manzanni ta kowace hanya, amma ba a sami manomin ba.

'Yan'uwa, ga ma'anar wannan misali. Shugaban nan kai ne, ni ne kuma. Ciwon shi ne damuwa ko zunubin da muke rufewa don kada a ga kasawarmu. Muna tsammani mu kaɗai yake ci, alhali matarka da 'ya'yanka suna duban fuskarka suna tambayar kansu abin da suka yi maka. Ubangiji Yesu bai taɓa korar mai ciwo da ya nuna masa ciwonsa ba. Ka faɗa masa yau, ka kuma faɗa wa mutanen gidanka tun suna kusa da kai.