Cinikin da Ba a Kira Ni Ba

Ni Tasalla mai gishiri, na rasa jikoki biyu da awaki huɗu da injin markaɗen da marigayi maigidana ya bar mini. Abin da na samu kuwa jika ɗaya ce, ga ta can a ɗaki, gobe suna. Ku saurara da kyau, don ku za ku yi hukunci.

Shekara talatin ina kasuwa, ba wanda ya taɓa sayar mini da abu a kuɗin da ya fara faɗa. Dabarata ɗaya ce: in taya, a ce albarka, in juya baya in tafi. Kafin taku biyar an kira ni.

Da surukata Saude ta haifi ɗan fari babu rai, muka ce ƙaddara. Da ta sake samun ciki na kai ta awo ƙaramin asibitin garinmu. Aka ce akwai gwajin jini da ake ɗiba a yatsa, naira dubu ɗaya da ɗari biyar. Na duba abin, ɗan falle ne bai kai tsawon ashana biyu ba. Na taya ɗari biyar. Aka ce nan ba kasuwa ba ce. Na ja hannun Saude na juya, ina ƙirga taku. Har muka kai bakin titi ba wanda ya kira ni, ni kuma ban saba komawa da kaina ba. Wannan cikin ma haka ya zo, babu rai. Awakin da injin duk sun tafi ne wajen masu turare da saiwoyi, waɗanda suka ce iska ce.

A ciki na uku mata uku suka shigo maganar.

Ta farko Iya Kulu ungozoma, wadda ta wanke gawar jariran biyu. Ita ta lura fatar tafin hannunsu na saɓulewa. Ta same ni a rumfa ta ce, "Tasalla, wannan ba iska ba ce, a jini yake. In ba ki mayar da yarinyar nan gwaji ba, ki nemi mai yanke miki cibiya, ba ni ba." Ba don ita ba da ban koma ba. Sai dai ta gani tun a na farko, ta yi shiru sai da aka binne na biyu.

Ta biyu Malama Suwaiba ta asibiti. Ta soki yatsan Saude, kafin kokon da na saya ya huce layi biyu suka fito. Ta ce tunjere ne, ciwon da ake ɗauka ta wajen saduwa, ta yi mata allura nan take. Da birni ta tura mu mu jira sakamako mako biyu, ni na san halina, kuɗin mota kaɗai ya isa ya zaunar da ni. Sai dai ita ce wadda ta ga na juya baya bara, ta bar ni na tafi.

Ta uku Gwaggo Hansai, ƙanwar maigidana. Malama ta ce sai an yi wa mijin allura shi ma, in ba haka ba zai sake shafa wa Saude, aikin ya zama banza. Mijin kuwa ɗana ne na fari, ko sunansa ba na kira, balle in yi masa wannan zance. Ya ce shi lafiyarsa ƙalau, ya ɗora kaya zai tafi Kudu. Hansai ta shimfiɗa tabarma gaban tayar motarsa ta zauna tana ɓare gyaɗa. Ta ce, "Ɗan nan, ko ka bi ni asibiti, ko ka bi ta kaina." Ya bi ta. Sai dai ita ce ta fara kai ni wajen mai turaren da ya cinye mini injin.

Uban yarinya ya aiko cewa ni zan zaɓi suna, kuma na yi alkawari za a yi wa wadda ta ceto ta takwara. Suna ɗaya ne, ba a raba shi uku kamar goro.

Kuɗin gwajin kuwa, da na koma ya hau zuwa dubu biyu. Na kwance bakin zanina na ƙirga wa Malama Suwaiba dubu biyu cif, ban nemi ragin ko sisi ba.

To, ku faɗa mini: tsakanin wadda ta gane ciwon, da wadda ta gwada ta yi allura, da wadda ta tare motar, sunan wa za a raɗa wa yarinyar nan gobe?