Kujerar Kada a Kwamitin Amintattu

Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunne!

Ta zo, muna saurare.

Namun daji ne suka tara saninsu wurin Aku. Duk wanda ya gano mashaya ko magani sai ya gaya masa, shi kuma ya faɗa wa mai tambaya kyauta. Suka zaɓi amintattu biyar don kar wani ya murɗa masa harshe. Kunkuru ne shugaba, aka sa Kada saboda ya san ruwa.

Ran nan Barewa ta zo tana ɗingishi, ta ce wa Aku, "Sanar da jama'a, 'ya'yan Kada na kwanto a mashayar Tsamiya."

Kada ya kira taro yana huci. "Ranka ya daɗe, a hana Aku wannan magana. Sunan gidana ake ɓatawa."

Kunkuru ya ce, "Ƙarya Barewa ta yi?"

"Ba ƙarya ba ce, amma ai ni ɗan kwamiti ne!"

"Amana aka ba mu, Malam Kada, ba gado ba. Tunda maganar ta shafe ka, koma waje mu yanke hukunci."

Kada ya daki ƙasa da wutsiya. "In na fita ba na dawowa. Sai in ga mai gaya muku sirrin kogi!"

Ya fice. Sauran huɗun suka ce Aku ya ci gaba da sanar da maganar Barewa. Da aka taru cike gurbi, sai Kwaɗo ya miƙe ya ce, "Tun ina ƙarami nake ɓuya don tsoron Kada a ruwan nan. Ba lungun da ban sani ba."

Aka zaɓe shi. Kafin damina ta wuce, kowa ya san inda kadoji ke kwanto, su kuwa suka koma cin kifi.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu. In da ƙarya a ciki, Gizo ne ya saƙa ta.